Furen Wiwi: Tsironsa da Nomansa da Hukuncinsa a Dokar Nijeriya, da Matsalar Sunayensa a Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2017 kafofin watsa labarai na Hausa suke yawan kawo rahoton cewa ƙasa kaza ta halatta noman wiwi, ko kuwa ana sayar da furenta a kantunan Turai da Amurka ba tare da wani ya ce uffan ba. Manomin da ya saurari irin wannan rahoto yana iya ɗauka cewa abin da ya sani da laifi ya zama sana'a. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana mene ne wannan fure, da yadda ake noma shi a ƙasashen da suka yarda da nomansa, da kuma abin da dokar Nijeriya ta ce game da shi. Daga nan za a nuna cewa babban ɓangare na ruɗanin ya samo asali ne daga harshe, domin Hausa tana da kalma ɗaya tak, wato wiwi, a inda Ingilishi da dokokin wasu ƙasashe suke amfani da kalmomi biyu masu hukunci daban-daban.

An ɗauki garin Yangoji a matsayin madubi. Gari ne na manoma da ke cikin Ƙaramar Hukumar Kwali a Yankin Babban Birnin Tarayya, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Abuja zuwa Lakwaja. Gbagyi da Bassa da Hausawa da Fulani da sauran al'ummu suna zaune a wannan yanki, kuma da Hausa suke ciniki da juna. Doya da masara da dawa da rogo su ne abin nomansu. Ta wannan hanya ce motoci suke haurowa daga kudu zuwa arewa, kuma jami'an Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi ta Ƙasa, wato NDLEA, sun sha kama buhunan wiwi tsakanin Abaji da Gwagwalada. Ke nan mutanen wurin suna jin labarin wiwi ta fuska biyu: ta rediyo a matsayin kayan kasuwa a ƙasashen waje, ta bakin hanya kuma a matsayin abin da ke kai mutum kurkuku.

2.0 Tsiron da Abin da Ya Ƙunsa

Masanin tsirrai Carl Linnaeus ne ya raɗa wa wiwi sunan kimiyya Cannabis sativa a shekarar 1753. Asalinta daga tsakiyar nahiyar Asiya ne, inda aka yi dubban shekaru ana noma ta saboda zarenta da ƙwayarta. Tsiro ce mai rayuwar shekara ɗaya, kuma tana da namiji da mace, kamar yadda Bahaushe ya san giginya da dabino da gwanda. Namijin yana fitar da bununi wanda iska take ɗauka, macen kuwa ita ce mai furen da ke yin ƙwaya. A jikin furen macen akwai wasu ƙananan gashi masu fitar da ƙaro mai danƙo, kuma a cikin wannan ƙaro ne sinadaran da ake magana a kansu suka taru.

Waɗannan sinadarai sun haura 100, kuma a dunƙule ana kiran su kanabinoyid. Biyu daga cikinsu su suka fi shahara. Na farko shi ne THC, wanda shi ne yake bugarwa. Yechiel Gaoni da Raphael Mechoulam ne suka ware shi suka bayyana sigarsa a Isra'ila a 1964. Na biyu shi ne CBD, wanda Roger Adams ya fara warewa a Amurka a 1940, kuma ba ya sa maye. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, wanda aka yi da tsantsar CBD, a matsayin maganin wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Wannan bai nuna cewa duk furen da ke ɗauke da CBD magani ne ba, domin maganin da aka amince da shi tatacce ne, an auna ƙarfinsa, kuma likita ne yake ba da shi. THC kuwa, bincike ya daɗe da danganta yawan shansa da taɓin hankali, musamman ga wanda ya fara tun yana matashi.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi. A cikin furen da wuta ba ta taɓa ba, yawancin waɗannan sinadarai suna zaune ne a wata siga ta daban, wadda ake kira THCA da CBDA. Shi THCA ba ya bugarwa a yadda yake, amma da zarar an ƙona furen ko an dafa shi sai ya rikiɗe ya koma THC. Za a ga muhimmancin wannan batu idan an zo kan doka.

3.0 Tsiro Ɗaya, Suna Biyu

Ingilishi yana da kalmar hemp, wadda ake nufin wiwin da THC ɗinta ya yi ƙaranci ƙwarai, da kuma kalmar marijuana, wadda ake nufin mai bugarwa. A wajen masu ilimin tsirrai duka biyun jinsi ɗaya ne, suna barbarar juna su yi ƙwaya. Manomin Yangoji ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin ya san rogo mai zaƙi da rogo mai ɗaci: tsiro ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne yawan gubar da ke cikin saiwar. Haka kuma dawa da takanda da karan dafi duk jinsi ɗaya ne, amma da yake Bahaushe ya daɗe yana noma su, sai ya ba kowanne sunansa gwargwadon amfaninsa: wannan ta tuwo, wannan ta sha, wannan na rini. Wiwi ba ta sami irin wannan gata ba, saboda ba ta shigo ƙasar Hausa a matsayin amfanin gona ba. Abin da aka fi ambata a tarihi shi ne ta yaɗu a Nijeriya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta hannun sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama da kuma ma'aikatan jiragen ruwa. Da fuskar maye aka san ta, shi ya sa sunan nata ya tsaya a kan wannan fuska kaɗai.

Iyakar da ake amfani da ita wajen raba nau'o'in biyu ita ce kashi 0.3 cikin ɗari na THC a busasshen tsiro. Wannan adadi ya fito ne daga wani nazari da Ernest Small da Arthur Cronquist suka buga a 1976 domin rarraba nau'o'in tsiron, daga baya masu yin doka suka ara. Amurka ta sanya shi a dokar aikin gona ta 2018. Tarayyar Turai ta ɗaga nata daga kashi 0.2 zuwa 0.3 a 2023. Suwizalan kuwa kashi 1 ta ɗauka. Wato furen da yake halas a dokar wannan ƙasa yana iya zama laifi da an tsallaka iyaka. Daɗin daɗawa, ido da hanci ba su iya rabewa tsakanin furen da ke ƙasa da iyakar da wanda ya haura ta. Kamanninsu ɗaya, warinsu ɗaya, sai ɗakin gwaji ne yake iya tantancewa.

4.0 Noma

A ƙasashen da doka ta yarda, kamar Sin da Faransa da Kanada, ana noman wiwi maras maye ne saboda ɗayan abubuwa uku, kuma kowanne da irin gonarsa. Idan zare ake so, a cunkushe ake shuka ta domin ta miƙe ta yi tsawo, a yanke ta cikin wata uku zuwa huɗu, a ɓare ɓawon a yi igiya da tufafi da takarda. Idan ƙwaya ake so, sai a bar namiji da mace su haɗu, domin ƙwayar tana ɗauke da mai kimanin kashi 30 cikin ɗari, ana ci kuma ana matse ta. Idan fure ake so saboda CBD, mata kaɗai ake bari a gona, domin macen da ta sami bununi takan mayar da ƙarfinta kan yin ƙwaya, ƙaronta ya ragu. Wannan na uku shi ya fi cin kuɗi da hannu, kuma shi ya fi kusa da bakin doka.

Dalili kuwa shi ne, tsiron da ke yin CBD yana yin THC kaɗan tare da shi, kimanin kashi ɗaya ga kowane kashi 20 zuwa 30. Yayin da furen yake nuna, duka biyun suna ƙaruwa tare. Saboda haka furen da CBD ɗinsa ya kai kashi 10 cikin ɗari ya riga ya taka iyakar 0.3 ko ya wuce ta. Wannan ne ya sa a Amurka ake ɗibar samfur daga kowace gona mai lasisi cikin kwana 30 kafin girbi a kai ɗakin gwaji, gonar da ta haura iyaka kuma ba a barin amfaninta ya shiga kasuwa a yadda yake. Manoma da dama sun yi asarar noman shekara guda ta haka, alhali da izinin hukuma suka shuka.

Ko da a ce doka ta yarda, yanayin wuri irin Yangoji yana da nasa sharuɗɗan. Wiwi tana fara fure ne idan dare ya yi tsawo, ya kusa sa'a 12. Irin da aka inganta a Turai ya saba da dogon yinin bazarar can, yana samun watanni yana girma kafin ya yi fure. A Yangoji, wadda take kusan digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, dare da rana kusan kunnen doki suke yi duk shekara, don haka irin wannan iri zai yi fure tun yana ƙarami, zarensa ya gaza. Har wa yau, damshin watan Agusta da Satumba yana jawo ruɓewar fure. Sannan iska tana ɗaukar bununi ta kai shi nesa, ta yadda gonar wiwi mai bugarwa guda ɗaya ta isa ta gurɓata irin maƙwabtanta. A Nijeriya kuwa wadda aka sani ana nomawa a ɓoye cikin dazuzzukan Ondo da Edo da Osun da Ekiti da Delta mai bugarwa ce.

5.0 Matsayin Doka

5.1 Dokar Ƙasa da Ƙasa

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi, wadda Nijeriya take cikinta, ta bayyana wiwi da cewa ita ce kan tsiron mai fure ko mai 'ya'ya. Sashe na 28 ya keɓe noman da ake yi domin zare da ƙwaya kawai. A ranar 2 ga Disamba 2020 hukumar majalisar mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jadawali na huɗu, wato rukunin da ake ganin ba shi da wani amfani a likitanci, da ƙuri'a 27 a kan 25. Nijeriya tana cikin waɗanda suka ƙi. Duk da haka wiwi ta ci gaba da zama a jadawali na ɗaya, wanda ake sa wa ido sosai.

A Afirka, Lesoto ce ta fara ba da lasisin noma domin magani a 2017, Zimbabuwe ta bi a 2018, Malawi a 2020, Maroko a 2021. Gana ta yi dokar da ta yarda da noman wadda ba ta wuce kashi 0.3 ba a 2020, Kotun Ƙolin ƙasar ta soke sashen a 2022 saboda ba a bi ƙa'idar majalisa ba, aka sake zartar da shi a 2023. A waɗannan ƙasashe duka da lasisi ake noman, kuma lasisin noma bai buɗe ƙofar saye da sayarwa domin sha ba. Amurka ma ta sake lale. Da yake dokar 2018 ta ambaci THC ne kawai, sai 'yan kasuwa suka riƙa sayar da fure mai yawan THCA, wanda yake bugarwa sarai idan an kunna masa wuta, da sunan hemp. A watan Nuwamba 2025 majalisar ƙasar ta gyara ma'anar ta yadda za a riƙa lissafawa har da THCA, aka ba da wa'adin shekara guda kafin gyaran ya fara aiki.

5.2 Dokar Nijeriya

Tun a 1935 gwamnatin mulkin mallaka ta sanya wiwi cikin dokar magunguna masu haɗari. A 1966 gwamnatin Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa Doka ta 19, wadda ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga wanda ya shuka wiwi, da ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga wanda ya sha ko aka same shi da ita. An yi wa dokar gyara a 1975 da 1984. A 1989 aka kafa NDLEA da Doka ta 48, wadda sashenta na 11 ya tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shukawa ko sarrafawa ko shigowa da hodar ibilis da makamantanta, da ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda ya mallaka ko ya yi amfani da su. Kotuna sun yanke cewa wiwi tana cikin waɗannan makamantan, kuma Babbar Kotun Tarayya ce take sauraron ƙararrakin.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne yadda dokar 1966 ta bayyana abin da ta hana. A wajenta, duk wani tsiro na dangin Cannabis, ko wani ɓangare nasa, ko ƙaronsa, ko abin da aka haɗa da ƙaron, kowane suna aka ba shi, wiwi ne. Babu maganar kashi 0.3, babu rabewa tsakanin mai bugarwa da maras bugarwa. 'Yar ƙofar da aka bari ta haɗaɗɗun magunguna ce da ake shigowa da su bisa izinin hukumomin lafiya, ba ta shafi manomi ba. Marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Jihar Ondo ya yi kira a 2019 da a yarda da noman wiwi domin magani da masana'antu, an kuma gabatar da ƙudurori a Majalisar Wakilai tsakanin 2020 da 2023, amma ba su zama doka ba. Masu adawa suna kafa hujja da binciken ƙasa na 2018, wanda ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a Nijeriya cikin shekara guda. Bisa ga haka, wanda aka kama a shingen bincike na hanyar Lakwaja da furen da ya sayo cikin kwali mai ɗauke da shaidar ɗakin gwajin wata ƙasa, hukuncinsa ɗaya da mai ƙullin wiwi a aljihu.

6.0 Matsalolin Fassara

Daga bayanan da suka gabata ana iya fito da wurare huɗu da mai fassara zai iya zamewa.

(a) Rama. Sunan rama na kimiyya shi ne Hibiscus cannabinus, ma'ana mai kama da wiwi, saboda kamannin ganyensu, kuma a Ingilishi ana kiran ta Deccan hemp ko Guinea hemp saboda igiyarta. Wannan ya sa wasu suke fassara hemp da rama. Amma rama 'yar'uwar yakuwa da kuɓewa da auduga ce, ba ta da THC ko CBD, kuma ba dokar da ta hana kwaɗonta. Wanda ya ce an halatta noman rama a Gana bai isar da komai ba, wanda kuma ya kira wiwin zare da sunan rama ya ɓoye wa manomi haɗarin da ke gabansa.

(b) Ganye. Wannan shi ne sunan sakaya da aka fi kiran wiwi da shi a Hausa, alhali ƙarfin tsiron a furen macen yake. Yarjejeniyar 1961 ta fitar da ganyen da ba ya tare da kan tsiron daga ma'anarta, dokar Nijeriya kuwa ta haɗa har da shi. Saboda haka kalmar ba ta dace da rubutun kimiyya ko na shari'a ba.

(c) Ɗanye. A bakin 'yan kasuwar waje, furen da suke kira raw busasshe ne wanda ba a tatse shi ba, ba a kuma gasa shi ba. Ɗanye a Hausa yana nufin abin da ba a dafa ba, yana kuma nufin wanda bai bushe ba. Abin da ya fi fitar da ma'ana shi ne busasshen furen da ba a sarrafa ba.

(d) Halatta. Kalmar tana ɗauke da nauyin addini, kuma tana nuna an sakar wa kowa mara. Abin da ya faru a ƙasashen da aka ambata mataki-mataki ne: akwai ba da lasisin noma, akwai yarda da amfani a asibiti, akwai ɗage hukunci daga kan mai sha a cikin gidansa, kamar yadda Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu ta yi a 2018. Ya kamata mai fassara ya faɗi wanne ake nufi.

Dangane da kalmar hemp, shawarar wannan maƙala ita ce a riƙe kalmar wiwi a matsayin uwa, a riƙa yi mata ƙarin bayani: wiwin zare, wiwin mai, wiwin magani, wiwi mai bugarwa. Wannan ya yi daidai da tsarin Hausa, kamar yadda ake cewa rogon ci da rogon gari, ya yi daidai da ilimin tsirrai, tun da jinsin ɗaya ne, ya kuma yi daidai da dokar Nijeriya, tun da duk wanda ya ji wiwi ya san akwai hukunci a bayanta. Ƙirƙiro sabon suna mai daɗin ji wanda ya rabu da kalmar wiwi zai iya zama tarko ga wanda bai san dokar ba.

7.0 Kammalawa

An ga cewa furen wiwi mai CBD da furen wiwi mai bugarwa daga tsiro ɗaya suka fito, kuma abin da ya raba su adadi ne da ɗakin gwaji kaɗai yake iya aunawa, wanda kowace ƙasa ta yanka nata. An ga kuma cewa nomansa yana da wuyar sha'ani ko a inda aka yarda da shi, kuma dokar Nijeriya ba ta san wannan rabe-rabe ba. Ko za a sauya dokar ko ba za a sauya ba, wannan aikin majalisa ne da masana lafiya da na aikin gona. Abin da ya rataya a wuyan masana harshe shi ne su daidaita kalmomin da za a yi muhawarar da su, a Hausa da sauran harsunan Nijeriya, tare da haɗin gwiwar gidajen rediyo da tafintocin kotu da malaman gona, domin manomin Yangoji da takwarorinsa su ji labarin yadda yake kafin wani ya zo musu da iri a leda.